Ɗiyata Lauyar Gwamnati Ta Ci Kifin Yafiya

Assalamu alaikum Malama Bara'atu,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Da girmana na koyi boko, a ajin manya na garin Wara, lokacin furfura ta riga ta fara fito mini. In kin ga na tafi na dawo, haka maganar take a cikina.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a bakin ruwa, cikin ƙasar Ngaski. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake wanda ya san mu zai gane. Sana'ata bandar kifi. Ita na gada, da ita kuma na riƙe karatun ɗiyata bayan rasuwar babanta. Zan kira ta Hamdiyya a nan, ba sunanta ke nan ba. Tun tana yarinya ta koma Yelwa hannun ƙanen babanta, daga can makarantar kwana, daga can jami'a. Yau lauya ce a ma'aikatar shari'a, tana zaune Birnin Kebbi. Ita ce ke tsayawa a kotu ta faɗi laifin mutum a madadin gwamnati. Iyakar abin da na sani game da aikinta ke nan, don ba ta zancensa. Sau ɗaya na taɓa gwadawa, da aka kama ɗan wata maƙwabciyata a kan maganar babur, na ce ko za ta duba masa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mini dai in ina son ta riƙa zuwa gida da kwanciyar rai, kada in bari maganar kotu ta biyo ta ɗakina. Tun ranar na kama bakina. In ta zo, hirarmu ciwon gwiwata ce, da rufin ɗaki, da zancen aure da ba ta so a yi mata.

Bara da damina, ruwa ya cika har ya shiga gonakin shinkafa, jirgin da ke kai mutanenmu kasuwar tsallake ya kife a hanyar dawowa. Ni ban je ba ranar, ina da kifi a kan wuta. Waɗanda suka tsira sun ce an cika jirgin fiye da kima, ga mutane, ga buhunan hatsi, ga awaki, aka kuma ɗora babura a sama. Da suka kai tsakiya iska ta taso, jirgin ya bugi ɗaya daga cikin kututturen itatuwan nan da ruwan dam ya rufe tun zamanin iyayenmu, ya tsage. Mutum fiye da ashirin muka binne, yawanci mata da yara. Wasu ma sai daga baya masunta suka gano su can ƙasa.

Matuƙin jirgin sunansa Tamada. Ba ɗan garinmu ba ne, daga wajen Shanga ya zo da iyalinsa bayan Hamdiyya ta bar gida, ba na jin ta taɓa ganinsa kafin wannan shari'a. Ni kuwa na shiga jirginsa ba adadi. Ba zan ɓoye miki ba, mutum ne mai son lodi, an sha yi masa faɗa a kai. Amma mu ma fasinja ba mu da gaskiya duka. In aka ce jirgin ƙarshe ne, kowa kutsawa yake yi, wanda aka hana har zagi yake yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma a ranar shi ya yi ta nutso yana fito da mutane har ƙarfinsa ya ƙare, ɗan cikinsa ma yana cikin waɗanda bai samu fitarwa ba. 'Yan sanda sun tafi da shi, yana tsare tun lokacin.

To ga inda ni na shigo. Muna da wata al'ada a garinmu, ban sani ba ko ana yin ta a wajenku. Idan ruwa ya ci mutane a hannun wani, bayan sadakar arba'in danginsa sukan shiga su, wato kamun kifi na gayya, su yi banda, su bi gida-gida suna ajiye kifi a ƙofa a kan faifai. Muna kiransa kifin yafiya. Wanda ya ɗauka ya ci, to ya yafe, kuma ba ya sake ɗaga maganar, ko gaban maigari ko gaban alƙali. Wanda bai yafe ba, sai ya bar kifin a inda aka ajiye har masu shi su dawo su ɗauke. Ba faɗa, ba magana, kowa ya gane. Kowane gida ake kaiwa, har wanda bai yi rashi ba, don an ce gari duka aka yi wa mutuwa.

Dangin Tamada sun yi ƙoƙari, kifi mai kyau suka raba. Ni ragon ruwa na samu, babba. Ban yi rashin kowa na jini ba, kuma har ga Allah na yafe masa, sai na ɗauka. Amma ni kaɗai ce a gida, ina zan kai wannan kifi? Na gutsuri kaɗan na yi miya. Dama duk bayan ɗan lokaci nakan haɗa wa Hamdiyya kwalin banda in ba direba a tasha, kuma ragon ruwa ne kifinta tun tana ƙarama. Sai na sa sauran a saman kwalin. Matar wan Tamada ma ta shigo neman wuta ta same ni ina shiryawa, ita ta riƙe mini igiya na ɗaure. Ba abin da ya zo mini a rai. Ban san an kai maganar babbar kotu ba, balle in san hannun wa za ta faɗa. Da kwalin ya isa Hamdiyya ta kira ni tana ta sa mini albarka, ta ce ba ta taɓa cin mai daɗin wannan ba, ta yi farfesu har ta ɗiba ta kai wa abokan aikinta ofis.

Watanni suka wuce. Ranar da aka fara zaman shari'a, wan Tamada ya tafi tare da wakilin maigarinmu, dattijon da kowa ke kira Wakili har an manta sunansa na yanka. Suna zaune sai ga Hamdiyya ta shigo da baƙar riga da farar hular nan mai kama da gashin tunkiya, ta tsaya ɓangaren gwamnati, ta karanta abin da ake tuhumarsa da shi. Wakili ya gane ta, ita ban sani ba ko ta lura da shi. Suka dawo gari da fara'a kamar an sallami mutumin. Kafin in ji labari, matar wan Tamada ta riga ta tuna wa kowa kwalin da ta taya ni ɗaurewa.

Washegari Wakili ya yi sallama a ƙofata. Da can sunana yake kira, ranar kuwa Innar lauya na zama. Ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi gwiwa, ya yaba tarbiyya. Sannan ya ce shi bai zo roƙon a karya doka ba, ya zo ne in tuna wa ɗiyarmu abin da ta ci. Wai cikin da ya ɗauki kifin yafiya, bakinsa ba ya tsayawa gaban alƙali ya nemi a hukunta mai kifin. Na ce ba ta san ko na mene ne ba. Ya ce ai kifin ya san cikin da ya shiga, kuma ɗiya da uwarta ciki ɗaya ne, abin da na karɓa ta karɓa. Ya ce ba a ce ta yi ƙarya ba, ta dai sassauta, ta bar abin ya mutu a hankali, ai lauyoyi sun san yadda ake yi. Da zai tashi ya ƙara da cewa in nauyin bakin ya yi mini yawa, su za su haɗa dattawa su je har gidanta. In kuma ta ƙi saurarensu, za su gaya wa lauyan Tamada ya faɗa a gaban alƙali cewa ta ci, kowa ya ji. Bai faɗe shi da fushi ba. Shi a ganinsa gyara yake yi.

Akwai kuma Uwani. Tana cikin jirgin, ta tsira, 'ya'yanta biyu ba su tsira ba. Gidanta kaɗai ne a unguwarmu kifin ya wuni a ƙofa har aka zo aka ɗauke. Ita ta gaya wa 'yan sanda cewa tun a gaɓa mata sun roƙi Tamada kada ya ɗora baburan, ya ce wadda ke tsoro ta sauka ta kwana kasuwa. Sauran da suka ji wannan magana duk sun ci kifi, sun ce ba su tuna komai ba. Ita kaɗai ta rage mai zuwa ba da shaida. Da ni da ita wuta ɗaya muke banda shekara da shekaru. Yanzu ta ɗauke kayanta ta koma can gefe. In na gaishe ta sai ta amsa wa wadda ke kusa da ni. Ranar nan a wurin wanke kifi ta ce, ba da ni take ba wai, su uwar gwamnati an ci an sha an shafa mai, talaka a bar shi da kaburbura. Kuma ta faɗa wa mutane ba za ta sake ɓata kuɗin mota zuwa kotun da aka riga aka cinye a farfesu ba. Mata suka yi dariya, wasu suka ce ta ji tsoron Allah. Ni dai ban ga laifinta ba.

Na yi tunanin in sayi ragon ruwa kamar wancan in mayar musu. Amma a wurinmu mayar da kifi bayan an ci ya fi ƙin ɗauka muni, kamar ka tofa wa mutum yawu ne. Kuma ni na yafe da gaske, ban janye ba. Na yi tunanin in yi shiru, wataƙila su Wakili baki ne kawai. Sai in hango su tsaye a ƙofar gidan Hamdiyya da manyan riguna, maƙwabtanta na kallo. Na ɗauki waya in kira ta ya fi a ƙirga, in ta ɗauka sai in tambaye ta ko ta ci abinci.

Malama, ni ban san aikin nan ba, shi ya sa nake tambaya. Wanda ke tsayawa wa gwamnati, dole ne sai ya ga an kashe mutum ko an ɗaure shi sannan a ce ya yi aiki? Tana da ikon ta ce ta bar maganar tunda yawancin masu jini sun yafe? In aka faɗa a kotu cewa ta ci kifinsu, cin hanci za a kira shi? Za su kore ta? Na ji a rediyo ana korar ma'aikata a kan abin da bai kai wannan ba. Yarinyar nan ba ta da kowa a sama, karatunta ne kaɗai ya kai ta inda take. In ta rasa aikin a kan kwalin da na ɗaure da hannuna, ban san da wane ido zan dube ta ba. In kuma na gaya mata, ina tsoron ta ce na shigo da kotu ɗakina, ta daina zuwa. An ce za a sake zama bayan Sallah. In gaya mata ko in yi shiru? In zan gaya mata, in isar da saƙon Wakili ko in bar shi?

Na gode. Allah ya saka da alheri.

Uwa mai banda, daga bakin ruwa, Ngaski.

Amsa

Wa'alaikumus salam Inna,

Rubutunki ya fita sarai, na gane komai. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyayensu haƙuri.

Ki gaya mata, kuma kada ki jira Sallah. Wannan ita ce shawarar. Sauran bayani ne don hankalinki ya kwanta. Ni ba lauya ba ce, saboda haka kafin in amsa na zauna da wata tsohuwar lauyar gwamnati da ta yi ritaya, na karanta mata wasiƙarki ba tare da sunan wuri ba. Abin da zan faɗa game da aikin daga wurinta na samo.

Mu fara da aikin kansa. Mai gabatar da ƙara ba lauyan Uwani ba ne, ba kuma abokin gabar Tamada ba ne. Jama'a duka yake tsaya wa, har da waɗanda za su shiga jirgi kasuwa mai zuwa. Idan 'yan sanda suka kawo fayil, shi zai duba ya ga ko akwai hujjar da ta isa a gurfanar da mutum, kuma da wane laifi. In ba ta isa ba, aikinsa ne ya ce ba ta isa ba, ko da gari zai zage shi. In ta isa, sai ya kawo shaidu ya shimfiɗa wa alƙali abin da ya faru. Ba a yarda ya ƙara gishiri ba, ba a kuma yarda ya ɓoye abin da zai taimaki wanda ake tuhuma ba. Idan yana cikin fayil cewa fasinja sun kutsa da ƙarfi, ko cewa Tamada ya ceci mutane, Hamdiyya ba ta da ikon danne wannan, dole lauyansa ya san da shi. Hukunci kuwa na alƙali ne. Ba a auna ƙwazonta da yawan waɗanda aka ɗaure. Ban ga takardar tuhumar ba, don haka ba zan ce miki ga hukuncin da ke jiransa ba, amma doka tana bambanta wanda ya yi niyyar kisa da wanda ganganci ko sakacinsa ya jawo mutuwa. Kada ki ɗora wa kanki tunanin rataya tun ba a je ko'ina ba.

Abin da Wakili ke nema, wato ta sassauta ta bar ƙara ta mutu a hankali, shi ne ainihin abin da zai iya cinye aikinta. Ƙarar ba tata ba ce balle ta yafe. Amana ce aka ba ta. Janye babbar ƙara irin wannan ikon Kwamishinan Shari'a ne, a rubuce, da dalili. Ƙaramar lauya da ta yi sanyin jiki da gangan don an yi mata magana daga gida, ita ce ake kora, kuma da gaskiyar masu korar.

Ban raina al'adarku ba. Ban taɓa jin ta ba sai a wasiƙarki, amma na ga amfaninta. Gari ƙarami da ya binne mutum fiye da ashirin yana bukatar hanyar da maƙwabta za su ci gaba da gaisawa ba tare da ramuwa ba, kuma hanyar da ke barin wanda bai yafe ba ya nuna haka ba tare da an tilasta shi ba, hanya ce mai hikima. Sai dai Wakili ya ja al'adar ya kai ta inda ba ta kai ba. Ke da kanki kin ce ana ajiye kifin ne a ƙofa don mutum ya gani ya zaɓa. Hamdiyya ba ta ga faifai ba, ba ta zaɓi komai ba, kifin uwarta ta ci kamar kullum. In cin da ba a sani ba yana ɗaure baki, to abokan aikinta da suka sha farfesu su ma sun yafe ke nan, sai a rufe ofis. Yafiyarki taki ce, ki riƙe ta, kada ki mayar da kifin kowa. Amma ba ta hau kan ɗiyarki ba, ba ta kuma hau kan Uwani ba.

Yafiyar waɗanda suka yi rashi tana da daraja a shari'a, sai dai nauyinta ya danganta da kotun da kuma dokar da aka shigar da ƙarar a ƙarƙashinta. Tana da ƙofar da ake shigar da ita. Waɗanda suka yafe su je wurin lauyan Tamada, shi ya san yadda zai kai maganar gaban alƙali ko ya rubuta wa ma'aikata, musamman in an zo neman sassauci. Ki gaya wa Wakili haka cikin ladabi, in da hali a gaban maigari. Ki ƙara masa da cewa zuwa gidan lauyar gwamnati a kan ƙarar da ke gaban kotu ba zai taimaki Tamada ba. Za a iya ɗaukarsa neman karkatar da shari'a, ya jawo wa dattawan abin da ba su zata ba. Ina jin Wakili tausayi ne ke jansa. A nuna masa hanya, in ya bi to, in bai bi ba ke kin fita.

Batun cin hanci. Hanci abu ne da aka bayar don a saye ka, ka kuma karɓa kana sane. Lokacin da kika ɗaure kwalin ba ki san ƙarar za ta zo hannunta ba, ita kuma ba ta san asalin kifin ba. Tsohuwar lauyar ta ce ba ta ga laifi a nan ba, ta ga dai abin da dole a bayyana. Abin da ake so ga ma'aikaci irin Hamdiyya shi ne, da zarar ya san wani abu da zai sa a yi shakkar adalcinsa, ya sanar da shugabansa tun kafin wani ya riga shi. Shugaban ne zai ce ta ci gaba, ko ta miƙa fayil ɗin ga wani lauya. Ba zan rufe ki ba, mai yiwuwa ne a karɓe ƙarar daga hannunta, don ban da kifin ma, waɗanda suka rasu mutanen garin mahaifiyarta ne. Wataƙila ta riga ta faɗi wannan ɓangaren tun farko. In an karɓe, za ta ji zafi, babbar ƙara ce. Amma wannan ba kora ba ce, ba kuma tabo ba ne. Ana yin haka a aikinsu, kuma ana ganin mutuncin wanda ya faɗa da kansa. Haɗarin yana cikin shirunki. A yau ba ta da laifi don ba ta sani ba. Ranar da aka tayar da maganar a kotu, wa zai yarda cewa gari duka ya sani, uwarta ta sani, ita kaɗai ce ba ta sani ba?

Ga yadda nake ganin ki yi. In gwiwa za ta bari, ki shiga mota ki je, irin wannan magana ta fi daɗin faɗa ido da ido. In ba za ta bari ba, ki kira ta a lokacin da ba ta ofis. Ki fara da cewa ba roƙo kika kawo ba, labari ne da ya zama dole ta sani saboda aikinta. Ki faɗa mata yadda kika faɗa mini, da kifin, da wadda ta taya ki ɗauri, da zuwan Wakili da abin da ya ce za su yi, da maganar Uwani ta ƙin komawa kotu. Saƙon Wakili ki ba da shi a matsayin abin da ya faru, kada ki sa bakinki a ciki. Kada ki tambaye ta me za ta yi, kada ki ce Tamada abin tausayi ne, kada kuma ki ce ya cancanci hukunci. In kin gama ki yi shiru. Dokar da ta kafa miki a kan maganar kotu, don ta tsare ku ne ku biyu daga masu neman alfarma. Wannan ba alfarma ba ce, gargaɗi ne, kuma lauya ta fi kowa sanin bambancin.

Uwani kuwa, ki ci gaba da gaishe ta ko ba ta amsa ba, amma kada ki je rarrashinta a kan ta koma kotu ko kada ta koma. Ita shaida ce, ke kuma uwar mai gabatar da ƙara ce, duk abin da kika ce mata ana iya juya shi. Kula da shaidu da kwantar musu da hankali yana cikin aikin ofishin su Hamdiyya, su za su neme ta ta hanyarsu. Matar da ta rasa 'ya'ya biyu tana ganin an sayar da jininsu, ba baki ne zai gamsar da ita ba, sai abin da ta gani an yi. In ta ji cewa lauyar da kanta ta kai maganar gaban manyanta, wataƙila ta sake tunani. In ba ta sake ba, ki yi mata uzuri.

Ki shirya wa ɓacin ran ɗiyarki. Tana iya yin shiru, tana iya ajiye waya da sauri, tana iya ɗaukar kwanaki ba ta kira ba. Ki bar ta, tana da takardar da za ta rubuta da shugaban da za ta fuskanta. Amma gara ta ji daga bakin uwarta a ɗaki tana da lokacin gyarawa, da ta ji daga bakin lauyan wani tana tsaye gaban alƙali.

Allah ya ba ki ƙarfin faɗa, ya ba ta basirar ɗauka, ya tsare mata aikinta da mutuncinta. Ya sa a yi wa Tamada adalci, a yi wa Uwani adalci, ya kuma kiyaye masu ƙetare ruwa. Ki gaida gida.

Malama Bara'atu